Wa Ke Sallama?

Ni ɗan Kurfi ne, kuma ba zan faɗi sunana ba. Mutanen garinmu sun san ni, waɗanda ba na garinmu ba kuwa sunana ba zai ƙare su da komai ba. Sunan da nake so a riƙe shi ne na yayana, Lawal, Allah ya jiƙansa. Saboda shi nake wannan rubutu, sai kuma saboda ku matasa masu taɓa kwamfuta. Ba tausayi nake nema ba. Wanda ya ga dama ya zage ni, na cancanta. Amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya Lawal ne ya riƙe ni har na gama sakandare. Lokacin da ya auri Anti Binta ina cikin gidan. Ita ke wanke mini kayan makaranta, ita ke ajiye mini ɗumame. Ban taɓa tsayawa a ƙofar gidan nan ina jiran a amsa mini ba. Bakina na sallama, ƙafafuna suna tsakar gida. Yaya manomi ne. Da damina gero da dawa a gonarmu ta wajen Barkiya, da rani kuma yana da garka a bakin dam ɗin Zobe, tumatir da albasa da tattasai. Da yake ya yi ɗan karatu, kuma ba a taɓa jin ya ci na wani ba, sai manoman rani suka naɗa shi sakataren ƙungiyarsu. Ni kuwa a lokacin yaro ne mai kunya, ko allura ban taɓa ɗauka ba.

Da na gama makaranta, Yaya ya kai ni Dutsin-Ma ya damƙa ni ga wani mai shagon gyaran kwamfuta. Hannuna ya faɗa da wuri. Yawancin masu kawo mana aiki ɗalibai ne, sai 'yan ofis jefi-jefi.

Duk wanda ya taɓa kwamfuta ya san wani ɗan akwati da ke fitowa idan za a saka sabuwar manhaja ko za a canza wani abu babba. Allon yakan dushe, komai ya tsaya, akwatin ya tambaye ka ko ka yarda wannan abu ya yi canji a na'urarka. A ƙarƙashi akwai Eh da A'a. Idan kwamfutar ta san mai manhajar, sai ta rubuta sunansa. Idan ba ta san shi ba, sai ta ce ba ta sani ba, saman akwatin ya yi ruwan ɗorawa.

Yaya ne ya raɗa wa akwatin nan suna. Ƙungiya ta saya masa laftof ta hannu don aikin sakatare, ya kawo mini in shirya masa. Ina cikin aiki akwatin ya fito.

Ya ce, "Kai, me take cewa?"

Na ce, "Tambaya take, Yaya. Wani abu ne zai shigo, take neman izininka."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ashe Bature ma ya san sallama! To wallahi ta fi ka ladabi, kai da kake faɗowa gida kamar akuya ta ga dusa."

Daga ranar kowa a shagon ya koma kiran akwatin sallama.

Ɗalibai ba sa son sallama. Suna kwaso wasanni da manhajojin kallo daga duk inda suka samu, akwatin kuma ya yi ta tare su. Wani ya ce mini, "Oga, cire mini abin nan, tambaya kamar ɗan sandan kan hanya." Wata ta ce, "Ni ko babana ba ya tsare ni haka." Maigidana ya hana. Ya ce wanda ya gaji da dannawa ya je ya sayi rediyo. Amma akwai wani wuri a cikin kwamfutar da ake jan wani ɗan maɓalli ƙasa, idan ya kai ƙarshe shi ke nan, ba za ta sake tambayar kowa komai ba har ta mutu. Idan maigida ya fita sai in ja musu, su ɗan ba ni na shayi. Kafin wani lokaci sunana ya zama Mai Kashe Sallama. Ina jin daɗin sunan. Ina ganin na san abin da maigidana ke tsoro.

Kada wani ya ce talauci ne ya kai ni. Ina ci, ina sha, Yaya na aiko mini da gero da albasa. Son a ce na iya ne, da son abin da ban yi wa gumi ba.

Sunan nan ne ya kawo mini wani mutum da ake ce wa Injiniya. Ban san sunansa na yanka ba har yau, kuma ban ga abin da ya taɓa ƙerawa ba. Ya zo da farar shadda da ƙamshin turare, ya jira maigida ya tafi masallaci.

"Kai ne Mai Kashe Sallama?"

Na ce ni ne.

Ya ajiye wani jan filash a kan tebur. Ya ce duk manhajar da mutane ke nema tana ciki, kyauta. "Sai dai kowace da ɗan baƙo a tare da ita. Baƙon ba ya son hayaniya. Gidan da ake sallama ba ya jin daɗin zama."

Na ce, "Me baƙon yake yi?"

Ya ce, "Kallo kawai. Kai dai buɗe masa ƙofa, ka manta da shi. Duk kwamfutar da ya kwana a ciki, za ka ji saƙo a wayarka."

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Wanda ya ba ka abu kyauta har ya biya ka don ka raba, ba sadaka yake yi ba. Na ɗauki filash ɗin na sa a aljihu. Daga nan na zama mai filash biyu: baƙi mai tsabta da nake aiki da shi a gaban maigida, da ja na bayan idonsa.

Na sayi waya, na sayi takalma, daga baya na sayi babur. Ranar da na hau shi zuwa Kurfi, Yaya ya zagaya shi yana kallo, ya ce, "Gyaran kwamfuta ne ya haifi wannan?" Na ce kasuwa ce ta buɗe. Ya ce Allah ya sa albarka, har ya shafa kan babur ɗin.

A shago kuma koke ya fara zuwa. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zo tana kuka, an kwashe abin da ke asusunta. Wata ɗaliba ta zo idonta ya kumbura, wani yana yi mata barazana da hotunanta. Nakan girgiza kai in ce bairas ne, cutar kwamfuta, duniya ta lalace. Har kuɗin wanke kwamfutar nake karɓa.

Sai Babbar Sallah ta zo, na tafi gida. Washegari da rana muna zaure mun ci soyayyen nama, Yaya ya ɗauko laftof ɗinsa. Ya ce yana so in saka masa abin da zai riƙa rubuta haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ.

Ya ce, "Kwanaki na rubuta wa 'yan ƙungiya za a yi mana baƙi daga Katsina, ya fita za a yi mana baki. Malam Audu ya bugo mini hankali tashe, wai wa muka saɓa wa?"

Malam Audu dattijo ne a ƙungiyar, abokin mahaifinmu. Muka yi dariya. Anti Binta tana tsaye a ƙofar ciki da kwano, ta ce, "Ai ka huta, ƙaninka ya fi masu digiri."

Na laluba aljihu. Baƙin filash na baro shi a Dutsin-Ma. Ja ne kawai a jikina, kuma manhajar haruffan tana cikinsa. Abin da ya kamata in ce ƙanƙane ne: Yaya, bari sai mako mai zuwa. Amma an gama yabona yanzun nan, ban so in ce ba zan iya ba. Na soka jan.

Allon ya dushe. Akwatin ya fito, samansa ruwan ɗorawa.

Yaya ya sunkuyo. "Wa ke sallama?"

Na ce, "Ba kowa, Yaya."

"Ba kowa kuma yake sallama?"

"Haka take yi wani lokaci. Tsufa ne."

Ya ce, "To kar ka taɓa mini ita dai. Ni ina son abin da ke tambaya kafin ya shigo."

Aka kira la'asar, ya tashi ya ɗauki buta. Yana ba da baya na danna Eh. Sannan na shiga na ja maɓallin nan har ƙasa, don kada akwatin ya sake fitowa Yaya ya sake tambayata. Na ce a raina mako mai zuwa zan zo da baƙin filash in wanke ta tas. Ya dawo daga masallaci ya rubuta baƙi da ƙ ɗinsa, ya kira Anti ta zo ta gani. Mako mai zuwa ya zo ya wuce. Ban zo ba.

Da damina ta janye, manoman rani suka fara shirin renon iri, sai saƙo ya fita daga lambar Yaya zuwa wayoyin 'yan ƙungiya. Lambarsa a haɗe take da laftof ɗin, kuma wanda ke da baƙo a ciki yana iya sarrafa ta daga nesa kamar yana zaune a gabanta. Saƙon ya ce taki mai rangwame da injinan ban ruwa sun iso, duk mai so ya tura kafin alƙalami zuwa wani asusu kafin ranar kasuwa. An buɗe shi da gaisuwar da Yaya ya saba, "'Yan uwana masu laka a ƙafa." Ashe mutanen Injiniya sun daɗe suna karanta rubutunsa, sun koyi bakinsa. Shi kuwa yana bakin dam inda waya ba ta kamawa sosai, kafin ya dawo an goge komai daga ɓangarensa. Mutane suka sayar da awaki, mata suka kwance adashi. Malam Audu ya sayar da bijimin da yake huɗa da shi.

Ranar kasuwa suka taru suna jiran motar taki. Ba mota.

A gaban 'yan sanda Yaya ya rantse bai rubuta ba. Malam Audu ya ɗaga wayarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, duba ƙ ɗin nan. Duk ƙungiyarmu wa ke rubuta ta da lanƙwasa in ba Lawal ba?" Abin da na saka masa don a daina yi masa dariya, shi ya zama shaida a kansa.

Na bugi Injiniya, na ce, "Wannan yayana ne! Shi ya rene ni!"

Ya ce, "Kai ka buɗe ƙofa, abokina. Ni ina na san gidan wa ne?" Ya kashe. Lambar ba ta sake shiga ba.

Da aka ba da belin Yaya, ya aika na zo. Muka zauna a zauren nan, mu biyu. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Da Sallah na yi maka wata tambaya."



Sai ya ƙara da cewa, "Har yanzu ba kowa ne?"

Na ce, "Ba kowa, Yaya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To. Shiga ka ci abinci."

Daga baya na ji cewa 'yan sanda sun tambaye shi wa da wa ke taɓa laftof ɗin, ya ce shi kaɗai.

Ya sayar da garkar, ya sayar da gonar Barkiya, ya raba wa waɗanda aka cuta, bai kai ko'ina ba. Aka cire shi daga sakatare. Mutumin da ke sahun farko tun ina yaro ya koma yin salla a baya, kusa da takalma. Idan ya wuce sai ka ji an ce ga Sakataren Taki nan. Ni ina Dutsin-Ma ina jin duk wannan, ina hawa babur ɗina. Wata Juma'a Yaya yana dawowa daga masallaci ya faɗi a bakin hanya. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Na je asibiti na tsaya a bakin gadon. Idonsa ɗaya yana bina. Anti Binta ta ce, "Ka ga abin da mutane suka yi wa yayanka?" Na fita. Ban tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda, na ajiye jan filash a kan teburinsu. Ba kama ni aka yi ba, ni na kai kaina. Ba don a yaba mini na faɗi wannan ba. Na kai kaina a lokacin da ba ya da sauran amfani ga mutumin da ya fi buƙata.

Na faɗi komai a gaban alƙali, har na ma'aikaciyar asibiti da na ɗalibar. Aka yanke mini hukunci. Injiniya kuwa, iya sanina, har yau yana yawo da shaddarsa.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Abu ɗaya zan faɗa. A can ba mai yi maka sallama. Ana buɗe ƙofa lokacin da aka ga dama, a ɗaga tabarmarka, a juye kayanka, a laluba jikinka, ba wanda zai tambaye ka ko ka yarda. A nan na san abin da na yi wa mutane. Wasu samari a ɗakinmu kuma suna girmama ni, wai ni ɗan yahu ne, mai damfarar intanet, ba ɓarawon akuya ba. Ɗaya ya ce, "Oga, koya mana mana, mu fita da sana'a." Na ce masa ɓarawon akuya ya fi ni, shi aƙalla katangar wani ya haura, ba ta gidansu ba. Muka yi faɗa har aka raba mu ɗaki.

Maigidana na shago ne ya zo mini da labarin. Ya zauna a bayan ragar ƙarfe ta wurin ziyara, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Lawal ya cika. An kai shi shekaranjiya." Na ce ya bar wata magana? Ya ce, "Da wane bakin?" Ban yi masa wanka ba, ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba.

Da na fito, na ɗauka aƙalla sunansa ya wanku. Ashe a'a. Ina zaune wurin mai shayi a tashar Kurfi, wani da bai lura da ni ba yake cewa, "Ai raba suka yi. Ƙaramin ya ɗauki laifin, babban ya ɓoye kuɗin." Na ajiye kofi na miƙe.

Na ce, "A ina ya ɓoye? A kabari?"

Ya ce, "Au, tsohon fursuna, ashe kana nan. Wa'azi za ka yi mana?"

Na ce, "Fursuna ne ni, ɓarawo ne ni, ƙara da maƙaryaci, duk na amsa. Amma Lawal bai ci ko ƙwayar takin kowa ba. Gonar ubanmu ya sayar ya biya abin da bai ci ba. Duk wanda zai sake faɗin haka ya faɗa a gabana."

 Ban san ko ya yarda ba. Zan ci gaba da faɗa a tasha, a kasuwa, a ƙofar masallaci, har su gaji da ni. Na je na durƙusa gaban Malam Audu ma. Bai ce ya yafe ba, amma ya yi kuka ya ce, "Ni na nuna ƙ ɗin nan." Na ce masa ni na saka ta.

Yanzu ina da ɗan tebur a wata rumfa a Dutsin-Ma, ina gyara. Duk wanda ya kawo aiki sai na fara gaya masa ko ni wane ne, in ya ga dama ya ɗauki kayansa. Duk kwamfutar da na tarar an kashe mata sallama, ina mayar mata, ba na karɓar ko sisi. Har yanzu ana zuwa a ce in cire. Kwanan nan wani ɗalibi ya ce, "Malam, kwamfutata ce ko taka?" Na ce, "Taka ce. Hannun ne nawa." Ya ce zai kai gaba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ce akwatin nan yana tare kowane ɓarawo ba. Amma shi ne wuri ɗaya da na'urar ke tsayawa ta dube ka ta ce, ga wani nan, ka san shi? Wanda ya rufe mata baki don dannawa ɗaya ta gajiyar da shi, ya bar gidansa ba ƙyaure. Wanda kuma ya rufe wa wani don a biya shi, ni ne, kun ga inda na ƙare.

Duk Juma'a bayan masallaci ina zuwa gidanmu. Ina tsayawa a ƙofar zaure in yi sallama. Ranar farko na ji muryar Ummi, ɗiyar Yaya, wadda na bari tana rarrafe, tana cewa, "Umma, wa ke sallama?"

Anti Binta ta ce, "Ba kowa."

Ban sani ba ko Yaya ya taɓa ba ta labarin, ko kuwa haka kawai ta faɗa. Na san kowane lungu na gidan nan, ƙyauren ma a buɗe yake. Ban shiga ba. Na juya na tafi, wata Juma'ar na dawo. Haka muka yi ta yi har damina ta shiga ta fita. Mutane suna cewa in haƙura, wai ina zubar da kaina. Ba ni da abin da ya rage da zan zubar.

Juma'ar da ta wuce na yi sallama, yarinyar ta sake tambaya.  Sannan na ji Anti ta ce, "Baffanki ne. Kai masa ruwa zaure."

Ba ta ce in shigo ba. Na zauna a inda muka zauna da Yaya, na sha ruwan, na ajiye kofin a bakin ƙofar ciki. Iyakata ke nan, kuma ba zan wuce ta ba sai ranar da aka ce in wuce, ko da ranar ba za ta zo ba.

Ku kuma, idan allonku ya dushe akwatin nan ya fito, kada ku yi tsaki. Ku tsaya ku karanta sunan mai sallamar. In ba ku san shi ba, ku danna A'a. In wani na kusa da ku ya ce ba kowa ba ne, ku danna A'a, ko da ƙaninku ne.